Gargi ta yi muhawara a fada, amma mata nawa ne Gargi?

Wata ɗaliba mai karatun tarihi ta aiko da tambaya. Ta ce tana haɗa aikin makaranta a kan matsayin mata a Indiya ta da, sai ta ci karo da labari iri biyu. Na farko ya ce matan Hindu na dauri sun yi karatun Veda, wato tsofaffin littattafan addininsu, kafaɗa da kafaɗa da maza, sun yi muhawara gaban sarakuna, ba a kulle su ba sai da Musulmi suka ci ƙasar da yaƙi. Na biyu ya ce tun fil azal mace ba a bakin komai take ba a wurinsu, ana aurar da ita tana ƙanƙanuwa, in miji ya mutu a ƙone ta tare da gawarsa. Tana so ta san wanne za ta ɗauka.

'Yar'uwa, kada ki ɗauki ko ɗaya yadda aka miƙo miki shi. Kowane ɓangare yana da nassin da yake riƙe da shi, kuma nassin yana nan a littafi, ba ƙage ba ne. Inda gizo ke saƙa shi ne, abin da ake kira Indiya ta da ya haura shekara 2,500, daga waƙoƙin Rigveda, mafi tsufa cikin littattafan Veda, da aka tsara a yankin Punjab wajajen 1500 zuwa 1200 kafin Miladiyya har zuwa wajen 1200 Miladiyya. Mai son yabo sai ya ɗauko baiti daga farkon wannan zango, mai son zargi ya ɗauko doka daga tsakiyarsa, kowa ya ce ga Indiya nan. Sannan kusan duk littattafan maza ne suka tsara su, mazan ma na aji ɗaya, ajin malaman addini waɗanda littattafan tauhidi na Larabci ke kira Barahima. Yawanci yadda suke so duniya ta kasance suke faɗa. Yadda take a ƙauye wani zance ne.

Rigveda waƙa 1,028 ce. Akwai fihirisa da ke faɗin wanda ya tsara kowace waƙa, kuma a ciki akwai sunayen mata: Ghosha, wadda ta tsufa a gidan ubanta tana roƙon miji, da Vishvavara mai yabon wuta, da Lopamudra mai musu da mijinta Agastya a kan ya yi watsi da ita ya duƙufa kan zuhudu, da Apala. Waƙar Apala ta fi burge ni. Yarinya ce ta tafi rafi, ta tsinci tsiron soma, wanda ake tatsar ruwansa don hadaya, a hanya, ta tauna shi da haƙoranta maimakon a daka shi da duwatsu kamar yadda malaman hadaya ke yi, ta miƙa wa Indra, babban abin bautarsu, ta roƙi gashi ya tsiro a kan ubanta, gona ta yi yabanya, jikinta ya gyaru. Amma a yi hattara. Sunayen matan ba su wuce ashirin da 'yan kai ba cikin ɗaruruwan maza, kuma fihirisar an yi ta ɗaruruwan shekaru bayan waƙoƙin. Sau da yawa mai fihirisar duba wa ke magana a cikin waƙa yake yi, sai ya rubuta shi a matsayin mai ita. Haka ya sa har karya mai suna Sarama da koguna an lissafa su cikin masu waƙa. Saboda wannan ne masana irin su Stephanie Jamison da Michael Witzel suke ɗari-ɗari da cewa lalle mata ne suka tsara waɗannan baituka.

Abin da ya fi ƙarfi shi ne matsayin matar aure a wurin hadaya. Namiji marar mata ba ya kafa wutar babbar hadaya. Littafin Shatapatha Brahmana ya ce mace rabin mijinta ce, kuma a wata hadaya da ake kira Vajapeya, mai gida zai hau ginshiƙin hadaya ya kira matarsa ya ce ta zo su hau sama tare. Ana ɗaura mata igiyar ciyawa a ƙugu, ta dubi man shanun da za a zuba a wuta, ta furta wasu 'yan kalmomi. Ba ta da makawa a wurin, amma wurin zamanta daban ne, kuma aikinta kaɗan ne. Waɗannan littattafai dai su ne kuma suke cewa ɗa haske ne a sama ta ƙoli, 'ya kuwa abin baƙin ciki. Wannan yana cikin Aitareya Brahmana. Atharvaveda ma na da addu'ar a kai haihuwar mace wani gida, a kawo namiji nan. Ke nan son ɗa namiji ya girmi duk wani baƙo da ya shigo Indiya.

Yanzu sai Gargi, wadda kowa ke kafa hujja da ita. Labarinta yana cikin Brihadaranyaka Upanishad, wajajen 700 zuwa 600 kafin Miladiyya. Sarki Janaka na Videha, wato arewacin jihar Bihar ta yau, ya tara malaman Kuru da Panchala. Ya killace shanu 1,000, ya ɗaura wa kowace zinariya a ƙaho, ya ce wanda ya fi kowa sani ya kora su. Kowa ya yi tsit. Sai wani malami, Yajnavalkya, ya ce wa almajirinsa ya kora shanun zuwa gida. Da aka taso masa, shin kai ne ka fi kowa, sai ya ce a'a, yana gaida wanda ya fi kowa sani, shi dai shanun yake so. Daga nan mutum takwas suka yi ta jefa masa tambaya ɗaya bayan ɗaya. Bakwai maza, ɗaya Gargi.

Ita ta ɗauko misalinta daga saƙa. Ta ce tun da duk abin nan an saƙa shi a kan ruwa, a tsaye da kwance, to shi ruwan a kan me aka saƙa shi? Ya ce iska. Iskar fa? Ya faɗa. Ta yi ta hawa da shi, rana, wata, taurari, har duniyar Brahman, wato tushen duk abin da ke akwai a aƙidarsu, ta ce ita kuma a kan me? Sai ya ce, Gargi, kada ki zarce da tambaya, kada kanki ya faɗo. Ta yi shiru. Masu zargi a nan suke tsayawa, su ce kun gani, an rufe wa mace baki. Amma da mutum ya ci gaba da karatu zai ga ta dawo. Ta ce wa taron za ta yi masa tambaya biyu, in ya amsa babu wanda zai iya kayar da shi a cikinsu. Ta kamanta kanta da mayaƙin Kashi ko Videha da ya ɗana baka ya riƙo kibiya biyu. Ya amsa duka biyun, ita kuma ta juya ta yanke hukunci, ta ce wa malaman su gode in sun tsira daga hannunsa da gaisuwa kawai. Barazanar faɗuwar kai kuwa ba ita kaɗai aka yi wa ba. Shakalya, namiji, ya ƙi jin maganarta ya ci gaba da gardama, shi ne a labarin kansa ya tarwatse.

Abin da nake gani a wannan labari shi ne, babu wanda ya yi mamakin ganin mace a majalisar, babu wanda ya ce wa ya shigo da ita. Wannan babbar shaida ce. Amma ita ɗaya ce, kuma littafin bai faɗi inda ta yi karatu ba.

A littafin nan dai akwai matan Yajnavalkya biyu. Da zai bar gida ya shiga zuhudu, ya kira Maitreyi zai raba dukiya tsakaninta da kishiyarta Katyayani. Maitreyi ta ce in an ba ta duniya cike da dukiya, za ta tsira daga mutuwa? Ya ce a'a, za ki dai yi rayuwar masu kuɗi. Ta ce to me zan yi da ita, koya mini abin da ka sani. Littafin ya siffanta Maitreyi da mai tattauna ilimin Brahman, Katyayani kuma ya ce hankalinta irin na mata ne. Ki lura da wannan. Marubucin da ya ɗaga Maitreyi shi ne kuma yake nuna cewa Katyayani ita ce abin da aka saba gani.

Akwai wani wuri a ƙarshen littafin da ya fi kowanne nuna yadda abu ya sauya. An ce wanda ke son a haifa masa 'ya malama mai tsawon rai, ya sa a dafa shinkafa da riɗi, shi da matarsa su ci da man shanu. Kalmar da aka yi amfani da ita, pandita, ita ce aka yi amfani da ita ga ɗa namiji a layin da ke biye. Sai ga babban malami Shankara, wajajen ƙarni na 8 Miladiyya, fiye da shekara dubu bayan haka, yana sharhi a kan wurin. Ya ce malantar 'ya mace a nan ta sha'anin gida ce kawai, domin mata ba su da hurumin karanta Veda. Nassin bai motsa ba. Duniyar mai sharhin ce ta riga ta sauya.

Kafin a gane yadda aka rufe ƙofar, sai an san yadda karatun yake. Ba a allo ko takarda ake yin sa ba, daga baki ne zuwa kunne. Yaro ɗan Barahima yana shekara 8, ɗan mayaƙa 11, ɗan manoma da fatake 12, sai a yi masa bikin upanayana, a ɗaura masa igiya, a miƙa shi ga malami. Ya zauna gidan malamin shekara 12 a ƙa'ida, yana hadda, yana kula da wuta, yana bara ya kawo. Duk wanda ya san almajirci a ƙasar Hausa zai gane fasalin, in aka cire bambancin aƙida. Wanda ba a yi wa upanayana ba, ba shi ba Veda. Saboda haka tambayar ilimin mata ta koma kan abu ɗaya: ana yi wa 'yan mata wannan biki?

Akwai alamun an taɓa yi. An ruwaito daga wani malamin doka, Harita, cewa mata iri biyu ne, mai karatu wadda ake yi wa bikin ta yi hadda ta kula da wuta, da mai aure nan take wadda ake yi mata shi a gurguje gab da ɗaurin aure. An ruwaito daga wani malamin doka kuma, Yama, cewa a zamanin da ya shuɗe ana ɗaura wa 'yan mata igiyar a koya musu Veda, amma uba ko baffa ko wa ne zai koyar, ba bare ba, kuma bararta a cikin gida za ta yi. Waɗannan maganganu biyu a littattafan tara dokoki na baya-bayan nan aka same su, irin su Smritichandrika na wajajen 1200 Miladiyya. Masu nahawu ma sun bar shaida ba da niyya ba. Patanjali, wajajen 150 kafin Miladiyya, da yake ba da misalin yadda ake gina suna, ya ambaci macen Barahima mai karatun nahawun Apishali da wata mai karatun ilimin Kashakritsni, kuma nahawun ya bambanta sunan matar malami da sunan mace mai koyarwa da kanta. Wani littafin ibadun gida, na Ashvalayana, ya sa Gargi da Vadava Pratitheyi da Sulabha Maitreyi cikin malaman da ake zuba wa ruwa don tunawa. To, mata malamai an yi su. A gidajen malamai suka taso, a hannun iyayensu, kuma ba su da yawa.

Littafin dokokin Manu, tsakanin 200 kafin Miladiyya da 200 bayanta, shi ne ya rattaba hukuncin ƙarara. A babi na 2 ya ce ibadun da ake yi wa mace a yi su ba tare da karanta kalmomin Veda ba. Aure shi ne upanayana ɗinta, hidimar miji ita ce zamanta gidan malami, aikin gida shi ne kula da wutarta. A babi na 9 ya ce uba ke tsaronta tana yarinya, miji tana budurci, 'ya'ya in ta tsufa, mace ba ta cancanci cin gashin kanta ba. Ya ce mai shekara 30 ya auri 'yar 12, mai 24 ya auri 'yar 8. Shi ne kuma a babi na 3 yake cewa inda ake girmama mata alloli na murna, inda ba a girmama su duk ibada ta tashi a banza, a ba su ado da tufafi da abinci. Mutane na ganin kamar ya saɓa wa kansa. Ni ban ga saɓani ba. A wurinsa girmamawa daban, 'yanci daban. Uwa da matar gida abin daraja ne muddin suna inda aka ajiye su.

Me ya jawo haka? Ruwa ba ya tsami banza. Babban dalili shi ne shekarun aure. Waƙar ɗaurin aure ta Rigveda tana magana ne da amarya baliga, wadda ake cewa ta je ta zama sarauniya a kan surukinta da surukarta. Amma littattafan doka na Gautama da Vasishtha da Baudhayana, 'yan ƙarnoni kafin Miladiyya, sun koma cewa a aurar da yarinya kafin ta fara al'ada, har wasunsu suka ɗora wa uba zunubin kisan ɗan tayi a kan kowane wata da ya wuce tana gida ba miji. Karatun da ke cin shekara 12 ba ya yiwuwa ga wadda za a kai ɗaki tana 10 ko 12. Shi kuma auren wurin ya biyo bayan ƙarfafar tsarin aji. Da mutane suka zauna a kwarin Ganga, gona ta zama abin gado, aji ya zama na haihuwa, sai tsarkin zuri'a ya rataya a kan wa mace ta aura. Hanya mafi sauƙi ta tabbatar da haka ita ce a zaɓa mata tun ba ta san zaɓi ba. Ga kuma ɗa namiji da ake bukata ya miƙa wa kakanni curin shinkafa bayan mutuwa. Ga harshen Veda da ya tsufa ya zama sana'ar ƙwararru, ana tsoron kuskuren furuci. Ga batun janabar al'ada, wanda tun a Taittiriya Samhita, ɗaya daga littattafan Veda, aka danganta shi da wani zunubin Indra da mata suka ɗauki kashi ɗaya cikin uku. Daga baya sai abin ya zagayo: an hana ta karatu, sannan aka ce jahila ce, aka haɗa ta layi ɗaya da Shudra, aji na huɗu na ƙasa, na masu hidima. Bhagavata Purana ta faɗa a fili cewa mata da Shudra ba sa jin Veda, shi ya sa aka tsara musu Mahabharata, doguwar waƙar labarin jarumai.

Daga nan ki auna zancen Musulmi da kanki. Muhammad bin Ƙasim ya shiga Sindh a 712. Daular Delhi ta kafu a 1206. Manu ya riga na farkon da aƙalla shekara 500, ya riga na biyun da shekara dubu. Albiruni, wanda ya koyi Sanskirit, harshen littattafan malamansu, ya rubuta littafinsa kan Indiya wajajen 1030, ya tarar ana aurar da yara ƙanana, ya tarar matar mamaci ba ta sake aure, ko ta zauna haka ko ta ƙone kanta. Gaskiya ne kulle da lulluɓi sun ƙara yaɗuwa a manyan gidajen arewa a zamanin sarakunan Delhi da Mugal, kuma yaƙe-yaƙe sun jawo ƙonewar mata a taro kamar a Chittor a 1303 da 1568. Amma Arthashastra, tsohon littafin sha'anin mulki, ta riga ta siffanta cikin gidan sarki da masu gadinsa tun kafin haka da nisa. Ɗora wa baƙo laifin abin da littattafan gida suka riga suka hukunta siyasar yau ce.

Ɓangare na biyu ma ya wuce gona da iri a kan ƙona matar mamaci. Rigveda a waƙar jana'iza cewa take wa matar ta tashi ta dawo duniyar masu rai. Manu bai yi umarni da ƙonewa ba, ya ce dai ta zauna ba aure. Littattafan doka na Narada da Parashara sun halatta mata wani miji in na farkon ya ɓace, ko ya mutu, ko ya shiga zuhudu, ko ba ya iya kusantar iyali, ko an kore shi daga ajinsa. Al'adar ta fi kama gidajen mayaƙa, kamar yadda rubutun dutsen Eran na 510 Miladiyya ya nuna a kan matar wani jarumi Goparaja, kuma tun da can akwai masu sukarta, irin su marubuci Bana a ƙarni na 7 da Medhatithi mai sharhin Manu.

Sai kada a yi tuya a manta da albasa. Duk matan da na ambata daga aji uku na sama suke. Masaniyar tarihi Uma Chakravarti ta yi wata tambaya a 1989 da ta girgiza fagen nan: ina aka kai baiwar zamanin Veda? Rigveda ɗin da ake yabo tana ɗauke da baitin godiya ga sarkin da ya ba mawaƙi kyautar mata 50, ana lissafa su kamar yadda ake lissafa shanu da dawaki. Dokar Gautama ta ce Shudra da ya saurari Veda da gangan a zuba masa narkakken kuza a kunne. Namijin ke nan, balle matarsa. A Chandogya Upanishad, yaro Satyakama ya tambayi uwarsa Jabala zuri'arsa don ya je karatu, ta ce ba ta sani ba, ta same shi tana yarinya tana hidima nan da can. Ana ba da labarin don yabon gaskiyar yaron, amma rayuwar uwar tana nan a ciki ga mai son gani.

Duk da haka, rufe Veda bai rufe ilimi duka ba, kuma a nan ne ainihin muryoyin mata suka fi fitowa. Therigatha, tarin waƙa 73 na mata masu zuhudu mabiya Buda, a cikin al'ummar nan dai ta kwarin Ganga aka yi shi. Mutta ta ce ta kuɓuta daga karkatattu uku, turmi da taɓarya da miji mai doro. An yi wa Soma gorin cewa hankalin mace na yatsa biyu ne, wanda mai sharhi ya ce yatsun da take matsa shinkafa ne ta ji ko ta nuna, ta ce ina ruwan zama mace in zuciya ta natsu. Punna baiwa ce mai ɗebo ruwa, ta tarar da wani ɗan Barahima yana wankan tsarki cikin sanyi, ta ce masa in ruwa ke wanke zunubi ai kwaɗi da kunkuru da kada duk sun shige aljanna. Ko a can ɗin ma an gindaya sharaɗi cewa mai zuhudun da ta shekara ɗari za ta rusuna wa namijin da ya shiga yau.

A kudu, waƙoƙin Sangam na harshen Tamil, na farkon ƙarnonin Miladiyya, suna da mawaƙa 473, mata kusan talatin a ciki. Avvaiyar har jakada sarkinta Athiyaman ya tura ta gun abokin gabarsa. Ya nuna mata rumbun makamansa, sai ta yaba, ta ce naka masu sheƙi ne, an shafa musu mai an yi musu ado da gashin ɗawisu, na uban gidana kuwa duk sun karye a jikin maƙiya suna ɗakin maƙeri. A birane kuma akwai fannoni 64 da Kamasutra ta lissafa, waƙa, kiɗa, zane, karatu, kacici-kacici, sanin harsuna, ta ce yarinya ta koya kafin aure, bayan aure kuma da izinin miji. Waɗanda suka fi cin moriyar wannan su ne 'ya'yan sarakuna da manyan karuwan birni da ake kira ganika, waɗanda Arthashastra ta ce hukuma ce ke biyan malamansu. Abin takaici ne a ce sau da yawa macen da ta fi kowa karatu a gari ita ce wadda ba a ɗauka matar aure ba.

A wasan kwaikwayon Sanskirit, sarki da malami Sanskirit suke yi, mata da bayi su yi Prakrit, harshen gama-gari. Amma Shakuntala ta Kalidasa da farcenta ta rubuta wasiƙar soyayya a ganyen bado, ke nan rubutu bai zama baƙo gare ta ba. Wasu sun kutsa cikin Sanskirit ɗin ma. Da malamin adabi Dandin ya siffanta Sarasvati, uwar ilimi a wurinsu, da fara fat, sai mawaƙiya Vijjika ta mayar masa da baiti cewa don bai san ta ba ne, ita Vijjika baƙa kamar furen bado shuɗi. Rajashekhara wajajen 900 ya rubuta cewa mata ma na zama mawaƙa, yana kuma kafa hujja da ra'ayin matarsa Avantisundari. Prabhavatigupta, 'yar sarki Chandragupta na biyu, ta riƙe daular Vakataka fiye da shekara goma bayan rasuwar mijinta wajajen 390, tana ba da filaye da sunanta a allunan tagulla, tana fara lissafin asali da gidan ubanta.

Wani abin da ke ba ɗalibai mamaki shi ne, haƙƙin dukiya bai bi layin karatu ba. Tsofaffin nassoshin Veda sun ce mace ba ta gado. Daga baya aka amince da stridhana, abin da aka ba ta wajen aure da kyautar dangi, Manu ya lissafa iri shida. Dokar Yajnavalkya ta sa matar mamaci a gaban magada in babu ɗa namiji, sharhin Mitakshara na wajajen 1100 ya ƙarfafa haka. Wato lokacin da karatunta ke raguwa, rabonta a dukiya yana ɗan ƙaruwa. 'Ya mace ba ta yi daidai da ɗa namiji a dukiyar kakanni ba sai da gyaran dokar gado na 2005.

Labarin zamanin zinariya kuwa a ƙarni na 19 aka ƙera shi. Baturen marubucin tarihi James Mill a 1817 ya auna wayewar Hindu da halin matansu ya ce ba su waye ba, Turawan mulki suka riƙe wannan hujja. Masu kishin ƙasa suka mayar da martani da Gargi da Maitreyi. Masu gyara irin su Ram Mohan Roy, wanda ya yi fafutukar hana ƙona mata har aka haramta a 1829, da Vidyasagar na dokar sake auren matan mamata ta 1856, su ma tsofaffin nassoshi suka tono, domin da su kaɗai ake iya ƙure malamai. Littafin A. S. Altekar na 1938 ya tsara labarin a matsayin gangarowa daga tudu, kuma daga gare shi yawancin abin da kike gani a intanet ya samo asali. Littafi ne mai tarin nassi, ki amfana da shi, amma matan manyan aji kaɗai yake kallo. Halin da ake ciki a lokacin kuwa, rahoton William Adam na shekarun 1830 a Bengal ya ce ana camfin yarinyar da ta koyi karatu mijinta zai mutu da wuri. Rassundari Devi, wata matar aure a Bengal, a ɗakin girki ta ɓoye shafi guda na littafin addini da ganyen rubutun ɗanta ta koya wa kanta. Savitribai Phule da mijinta sun buɗe makarantar 'yan mata a Pune a 1848, ana jifanta da kashin shanu a hanya. Ƙidayar 1901 ta nuna matan da suka iya karatu ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, ta 1951 kuma wajen tara cikin ɗari.

Akwai sunaye biyu da za ki yi ta gani a jerin mata malamai, ki yi taka-tsantsan da su a aikinki. Ubhaya Bharati, da aka ce ita ta yi alƙalancin muhawarar Shankara da mijinta Mandana Mishra, labarinta daga littattafan karamomin Shankara ya fito, waɗanda aka rubuta ɗaruruwan shekaru bayan mutuwarsa. Lilavati kuma sunan littafin lissafin Bhaskara ne na 1150. Cikinsa ana kiran wata yarinya ana ba ta tambayoyi, amma labarin cewa 'yarsa ce da lu'ulu'u ya toshe agogon ruwa ya ɓata mata sa'ar aure, a fassarar Farisanci da Faizi ya yi a fadar sarkin Mugal Akbar a 1587 aka same shi. In za ki ambace su, ki ce ruwaya ce, ki faɗi ƙarnin da aka rubuta ta.